Motar Da Ta Ƙi Hajiya Inno

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum zaune a inuwar dogon yaro yana murza waya biyu, sai ku ce rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota, aikin rago ne. Kuna zuwa da 'yar na'urarku, ku soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto muku abin da ke damun mota, ku wanke hannu ku tafi shan shayi. Ban hana ku ba. Amma akwai ciwon da na'ura ba ta gani, don ba ta da hanci, kuma ba ta iya zama ta saurari labarin mai mota.

Ni a Gidan Dare na koyi aiki, wurin wani dattijo da ake kira Malam Isa, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa duka ba su cika gwangwanin madara babba ba: filaya, sukudireba biyu, wuƙa, salatif, sai kwan fitila guda da ya ɗaura wa waya, wanda muke kira tasta. In ka taɓa ta a wuri ta kama, akwai wuta. In ba ta kama ba, ka ci gaba da rarrafe. Tasta ta biyu kuwa ni ne. Ranar da na fara zuwa aka kawo wata mota ta ƙi tashi, ya zare wayar fulogi ya miƙo mini ya ce, "Riƙa man nan, Shehu." Na riƙe da ladabi, hannu biyu ma. Ya murza makulli. Ban san lokacin da na tsallake kwata na faɗa kan tiren wata mai gyaɗa ba. Ya dubi mai motar ya ce, "Wuta na zuwa, kwayil lahiya lau shike." Sai da na kusa shekara ina wannan tsalle kafin ya nuna mini cewa in ka kusantar da wayar jikin inji za ka ga tartsatsin da idonka, ba sai an haɗa da naman mutum ba.

Na ga shekaru masu daɗi, na ga marasa daɗi. Shekarar da mai ya ɓace a garin nan, motoci suka yi ta kwana a layi har kaji suka saba da su, babu wanda ya tuna da rewaya. Tocila na koma gyarawa, da dutsen guga, da fanka. Har wata tsohuwa ta kawo mini agogon bango mai kukan tsuntsu, wai tsuntsun ya shaƙe. Na gyara shi, ya koma yana kuka duk lokacin da ya ga dama, ta ce hakan ma ya fi.

Amma aikin da nake so ku ji, na wata Kunkuru ne. Ku da ba ku tarar da ita a kan titi ba, wata 'yar mota ce mai doro, ƙofa biyu, injinta a baya, but ɗinta, wato wurin kaya, a gaba, ba ta shan ruwa sai iska. A da duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, da ita yake fara sanar da unguwa.

Wani ma'aikaci mai suna Bello ya same ni a rumfata a Runjin Sambo, ya ce mahaifiyarsa na nemana a Ƙofar Marke. Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Na tarar da ita zaune kan tabarma a tsakar gida, dattijuwa ce mai jiki, irin wadda in ta zauna tabarma ta san an zauna mata. Sunanta Hajiya Inno. Mijinta, Alhaji Buhari, babban mai sayar da hatsi ne, ya daɗe da rasuwa.

Bayan mun gaisa ta ce, "Kai na Shehu mai wayar mota? Akwai wata gawa bayan ɗakin can, so nika yi ka tashe ta. Ba saidawa za ni yi ba. Shiga nika son yi."

Na ce, "Hajiya, ga motoci birjik gari, mi za ki yi da wagga?"

Sai ta ba ni labari, tana yi tana ɓare gyaɗa. Motar Alhaji ce. Shekarun farko lafiya lau take ɗaukarta. Daga baya sai abu ya canza. Alhaji zai je har Illela da ita ya dawo ba ta yi tari ba, ya kwashi yara ya kai makaranta ba komai, amma ranar da Hajiya ta shiga ta zauna a baya, ba za a yi nisa ba sai ta mutu. Ta farko a hanyar suna ne. Ta biyu a hanyar asibiti, har da ƙauri. Ta uku kuwa za a kai amarya, 'yar ƙanwar Alhaji, tana cikin 'yan rakiya, sai hayaƙi ya turnuƙe a tsakiyar jerin motoci, ta fito da gefen zaninta a ƙone. Duk masu gyaran garin nan sun duba, kowa ya ce motar lafiyarta ƙalau.

A wurin ne ƙanin mijinta, Ummaru, ya faɗi magana a gaban mutane. Ya ce ba motar ba ce, matar yayansa ce ke da farar ƙafa. Kun dai san abin da ake nufi: macen da duk abin da ta taka sai ya lalace. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sa aka tura motar bayan ɗaki aka rufe da zana, ya sayi wata, kuma bai sake cewa ta shiga ba har ya koma ga Allah.

Ta ce, "Sama da shekara talatin, Shehu. Biki in anka tashi rabon motoci, sai a ce in bari a dawo a ɗauke ni, kuma ba a dawowa. Shago ba a son in hwara shiga da sahe. Yanzu har jikanyata yara na ce ma jikar mai hwarar ƙahwa. Ka tashe ta in shiga. In ta tahi, ta tahi. In ta ƙiya, in san gaskiya sunka hwaɗi."

Ban ji daɗin wannan sharaɗi ba ko kaɗan. Ni waya na sani, ba a taɓa ɗora mini sunan mutum in gyara ba.

Da muka yaye zanar, abin da na fara gani kaza ce kwance a kujerar direba, tana kallona kamar na zo karɓar haya. But ɗin gaba cike yake da gabu, busasshen ganyen albasa, wanda wata baiwar Allah ta ajiye ta manta. Tayoyi huɗu sun kwanta. Na zura kai ƙarƙashin sitiyari don in ga wayoyi, rina suka tarbe ni, na fito da leɓe ya yi biyun nasa. Kwana biyu matata tana tambayata abu ina amsawa da hannu.

Ga darasi, ku riƙe. Motar da ta daɗe a ajiye ba a sa mata batir a murza makulli. Wanda ya yi haka yana iya ƙona ta a tsaye. Na fara zare fulogi na ɗiga bakin mai a kowane rami, na bar shi ya jiƙa, sannan na dinga juya injin da hannu kaɗan-kaɗan har ya saki. Na sauke tanki, man da ke ciki ya koma kamar maɗi, warinsa ya kori kajin gidan gaba ɗaya. Kafireta kuwa zanzaro ya gina gida a bakinta, hawa biyu. Sai wayoyi. Ɓeraye sun cinye rigar kusan kowace waya, sun bar jan ƙarfe tsirara, kuma sun fi son ja, ban san dalili ba. A akwatin fis na tarar da tsaka ta bushe a miƙe tsakanin fis biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da tasta, daga batir zuwa makulli, daga makulli zuwa kwayil, ina yanke ruɓaɓɓe ina sa sabo. Na kankare duk inda waya ta kama jikin mota har ƙarfe ya yi fari, don rabin ciwon tsohuwar mota tsatsa ce a wannan wurin, wanda muke kira at.

Batirin Kunkuru ba a wurin inji yake ba. Ƙarƙashin kujerar baya yake zama, ta hannun dama. Na ɗage kujerar na jingine ta da bango, na fitar da tsohon, wanda ya kumbura ya yi farin gari, na sa nawa mai girmansa. Na murza. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta harba wani baƙin hayaƙi da gashin kaza a ciki, sai ta kama da wannan kukan nata kamar keken ɗinki. Yaran unguwa suka yi ta ihu.

Muka mayar da kujera, muka sa tayoyi, na ɗauki Bello muka zaga. Muka bi ta kasuwa, muka je Runjin Sambo muka dawo. Ko gezau ba ta yi ba. Ina ta washe baki, sai na ga Bello ya ɓata fuska.

Ya ce, "Malam Shehu, ka ce ba ka ga wani ciwo na daban ba?"

Na ce, "Sai na ɓeraye da tsuhwa."

Ya ce, "To ai ɓeraye bayan an aje ta sunka zo. Ke nan sadda anka aje ta lahiya lau take. Mi za mu ce ma Inna?"

Nan dariyata ta tsaya. Ashe gyaran da na yi shaida na ƙara wa Ummaru. Labari kuwa ya riga mu isa gida. Muna tsayawa na ji wata maƙwabciya ta katanga tana cewa, "Ai dama an hwaɗi, motar ba ta da laihi."

Na ce wa Hajiya ta ba ni zuwa gobe, akwai abin da ban gama ba. Ƙarya nake, babu abin da ya rage. Na je cire batirina ne kawai don kada yara su yi wasa da makulli. Na ɗage kujerar baya, kuma da yake hannuna ɗaya na riƙe da sifana, sai ta suɓuce ta kife a ƙasa, cikinta yana kallon sama. Shekara da shekaru ina ɗage kujerar Kunkuru, ban taɓa duban cikinta ba, don batir ake nema, ba kujera ba. Sai ga sifirin biyu na gefen dama sun yi baƙi, da ɗigon ƙarfe narkakke a jikinsu kamar an yi walda. Zaren kwakwar da aka cusa a kujerar ya ƙone, da'ira guda, faɗin faifai.

Na duba ramin batir. Asalin batirin motar gajere ne, kuma yana da murfin da ke rufe kawunansa. Wanda na fitar dogo ne, babu murfi. Wato wata rana an canza wa Alhaji batir, murfin ya ƙi zama, aka jefar. Tsakanin kan batir da sifirin bai fi yatsa biyu ba. Yaro ya zauna, ba komai. Siririn mutum ya zauna, ba komai. Mai jiki ya zauna, a faɗa rami guda, ƙarfe ya sauka kan wuta. Kuma duk mai gyaran da ya zo, abu na farko da yake yi shi ne ɗage kujera, da ya ɗage kuwa ciwon ya tafi.

Gidan hatsi ne, ba a rasa abin gwaji. Na sa Bello ya kawo rabin buhun gero muka ɗora a gefen dama, na tada mota, muka jijjiga ta. Shiru. Muka sauke muka ɗora cikakken buhu. Bello ya danna shi da gwiwa sau ɗaya, sai ji muka yi ƙyas, injin ya mutu, ƙauri ya tashi. Na fizge buhun na zare waya.

Saura faɗa wa Hajiya, kuma wannan ya fi rina wuya. Ta yaya za ka dubi uwar mutane ka ce mata ita da buhun gero awo ɗaya ne? Na durƙusa na fara kewaye-kewaye. Na ce kujerar tana da rauni. Na ce wasu mutane Allah ya yi musu albarkar jiki. Na ce ni'ima wani lokaci takan yi wa ƙarfe yawa.

Ta ce, "Shehu, ƙiba ta kaka son hwaɗi?"

Na ce, "Hajiya, ni ban ce ba."

Ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Bayan haihuwar Bello na yi jikin ga. Lokacin kau motar tah hwara. Wayyo ni Inno! Shekara talatin ana zagin ƙahwata, ashe laihin mazaunai na!"

Na ce yanzun nan zan rufe kan batirin da roba, magana ta ƙare. Ta ɗaga hannu.

"Kak ka taɓa. Bar shi yadda shike har Juma'a. Bello, ka tai ka ce ma baffanka Ummaru an tada motar yayanai, kuma ba wanda ya cancanci hwara shiga sai shi."

Na ce mata wuta ba abin wasa ba ce. Ta ce ita ta fi ni sani, da zaninta aka gwada. Ba na ba ku shawarar ku yi abin da na yi. Amma na sassauta wayar batir na ɗaura mata igiya har zuwa kusa da sandar giya, yadda da na ja za ta fita, na kuma ajiye bokitin yashi a gaba.

Ummarun da na ji labari siriri ne kamar kara. Wanda ya sauko daga mota bayan sallar Juma'a kuwa, sai da direbansa ya kama shi. Kasuwar shinkafa ta karɓe shi, ya yi wuya, ya yi tumbi, ya sha shadda fara mai sitaci tana ƙara. Unguwa ta cika, mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofofi. Ya zaga motar yana shafa ta yana cewa, "Allah sarki yaya. Mota mai lahiya, anka sa ya aje ta." Ya nufi kujerar gaba.

Hajiya daga bakin zaure ta ce, "Haba Alhaji Ummaru, gaba ai wurin yaran mota na. Babban mutum baya shika zama, hannun dama."

Ya ce, "Wagga gaskiya ta." Muka kwantar da kujerar gaba, ya sa kai, ya sa kafaɗa, sauran ya tsaya a waje. Bello na turawa, direba na tattara riga, ni ina jan hannu ta ɗaya ƙofar. Hularsa ta faɗi sau biyu. Da ya zauna sai da gaban motar ya ɗaga.

Na tada ta, muka fara gangarawa a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu ta taga. A ƙarshen layin akwai wata 'yar kwata da ta ratsa hanya. Zan iya kauce mata, ban kauce ba.

Ƙyas! Inji ya ɗauke. Na ja igiya nan take, amma zaren kwakwa ya riga ya kama, hayaƙi ya fara fitowa ta wuyan babbar riga. Ummaru ya ƙwalla salati. "Wuta! Shehu, wuta ƙarƙashina! Ku hisshe ni!" Mutumin da mutum uku suka shigar, shi kaɗai ya fito, kuma ta baya-baya. Ya tsaya tsakiyar titi yana kakkaɓe mazaunai, shaddar ta yi wani tambari ruwan ƙasa daidai wurin. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Hajiya ta tako a hankali har inda yake. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ummaru, ashe maza ma na da ita? Ko ko gado ta, daga wajenku nis samo?"

Na watsa yashi, na fito da kujerar na kife ta a gaban kowa, na nuna musu sifirin da kan batir. Ummaru ya leƙa, ya sake leƙawa. Ya ce, "Ni hwa ban ce ba, Inno. Ji na yi ana hwaɗi."

Ta ce, "Gabana kac ce, zanena na hayaƙi."

Ya sunkuyar da kai ya ce ta yafe masa. Ta ce za ta duba.

Gyaran bai kai a sha ruwa ba. Na yanko tsohon tub na taya na lulluɓe kan batir, na ɗora ɗan katako a sama, na ɗaure, na mayar da kujera. Abin da ya rage ke nan tun farko.

Sai Hajiya ta gyara mayafi ta shiga, ta zauna daidai wurin da ya ƙone. Unguwa ta zuba ido. Na san aikina, amma wallahi sai da na yi bisimilla kafin in taɓa makulli. Na murza, ta tashi. Muka tsallake kwatar, ba abin da ya faru. Ta ce in koma in sake tsallakawa. Na sake. Sai ihu ya ɓarke a bayanmu, yara suka biyo mu da gudu.

Na ɗauka gida za mu juya. Ta ce in miƙe. Ta dinga nuna mini hanya, dama, hagu, har muka bar hayaniya muka iso jikin katangar maƙabarta. Ta ce in tsaya, kada in kashe inji. Ta sauke gilashi, ta daɗe tana kallon katangar, ta yi addu'a ta shafa.

Sannan ta ce, "Shehu, yi oda."

Na ce, "Hajiya, nan hwa maƙabarta ta."

Ta ce, "Na sani. Kaɗan za ka yi. Ya san kukanta."

Na danna odar, wato hon ɗin motar, sau ɗaya. Ta leƙa kai ta taga, ta ce, "Alhaji, ka ji ta? Ni ta ciki. Tun daga gida."